Kafin ɗanka ya hau tankar mai: abin da lasisin F ke nema, da abin da hanyoyin Salaga, Yendi da Bawku ke nema

Duk litar fetur da aka zuba wa mai babur a Bawku, da dizal ɗin da injin niƙa ke sha a Salaga, sai da suka sha doguwar tafiya kafin su iso. Wani man daga Tema ake ɗauko shi a mota kai tsaye, a biyo ta Kumasi, Techiman da Kintampo har Tamale. Wani kuma Akosombo ake kai shi, a loda a jirgin ruwa ya ratsa tafkin Volta zuwa defon kamfanin BOST da ke Buipe, daga nan bututu ya tura shi Bolgatanga. Ko ta ina ya biyo, ƙarshen tafiyar iri ɗaya ce. Babu layin dogo a arewacin Ghana, babu kuma bututun da ya kai Salaga ko Yendi ko Bawku. Sai tanka, sai direba da yaronsa.

Shi ya sa aikin ke da farin jini a zangunanmu. Duk malamin da ya koyar a ajin ƙarshe na JHS a wannan yanki ya san cewa in ka tambayi yara maza abin da suke so su zama, ba za a rasa masu cewa direban babbar mota ba. Kuma ba laifi, sana'a ce ta rufin asiri, ta gina gidaje da yawa, ta kai iyaye Makka. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin iya murza sitiyari da sanin halin abin da kake ja a bayanka. A cikin wannan tazara ake rasa rayuka, kuma ba na direbobi kaɗai ba, har da na mai sayar da koko a bakin titi da yaran da ke dawowa daga makaranta.

Matakalar lasisi

Hukumar DVLA, wadda aka kafa a 1999, ita ke ba da lasisin tuƙi a ƙasar nan, bisa dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojin 2012 da aka fi sani da L.I. 2180. Lasisin aji-aji ne. Ajin A na babur ne. B na ƙananan motoci ne waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 3,000 ba, kuma daga shekara 18 ake iya neman sa. C ya kai kilo 5,500, D kuma kilo 8,000. E na tarakta ne da motocin aikin gini. Duk abin da ya haura kilo 8,000, har da tirela da babbar tankar mai, yana ƙarƙashin ajin F.

Ba a tsallake mataki. Sai mutum ya riƙe na ƙasa na wasu shekaru kafin a ɗaga shi zuwa na gaba, a duba masa ido, a kuma jarraba shi. Ƙa'idojin 2012 sun sanya shekara 25 a matsayin mafi ƙarancin shekarun direban motar kasuwa. To ka ga ke nan yaron da ya gama makaranta bana, ko da ya fi kowa ƙwazo, yana da shekaru a gabansa kafin ya zauna a kan tanka bisa doka.

A nan ne gajen haƙuri ke kai wasu hannun dillalan da ke shawagi a kusa da ofisoshin gwamnati, waɗanda duk Ghana ke kira goro boys. Kalmar goro ai tamu ce, kuma babu garin da ya kai Salaga sanin darajarsa, tunda a kan cinikin goro fataken Kano da Katsina suka yi ta zuwa Gwanja. Abin takaici ne yau sunan ya koma na cin hanci. Ita kanta DVLA ta sha gargaɗin jama'a su daina bi ta hannunsu. Wanda ya sayi lasisi ya sayi kati ne kawai. In na jabu ne, ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora na iya ƙin biyan ko sisi, shi kuma ya fuskanci kotu. Ko da kuwa katin ya fito na gaske, karatun da aka tsallake yana nan yana jiran sa a hanya.

Ita ma motar tana da nata takardu. Hukumar kula da harkar mai ta ƙasa, NPA, wadda aka kafa a 2005, ita ke ba tankoki izinin dakon mai, tana kuma bin sawunsu da na'ura. Hukumar kula da ma'auni da ingancin kaya ta ƙasa ita ke auna cikin tanki ta tabbatar da yawan litar da yake ci. Manyan kamfanonin mai da defo-defo su ma suna da nasu sharuɗɗan tsaro kafin su bar direba ya shiga lodi.

Yawancin direbobinmu dai a hannun maigida suka koyi aiki. Yaron mota ya fara da wanki, da sa waigi, da canza taya, har wata rana maigida ya ce masa, "Zo ka gyara mata tsayuwa." Wannan makaranta ce mai kyau, tana koyar da abin da babu shi a takarda. Amma iyakar ilimin yaro shi ne na maigidansa, kuma har kurakuran maigida yake gada. Ga wasu abubuwa da ya kamata duk mai neman F ya san dalilinsu, ba haddar su kawai ba.

Kayan da ke motsi

Buhun masara in ka ɗaure shi a bayan lori, inda ka sa shi nan zai zauna. Mai kuwa ba ya zama. Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa a buɗaɗɗen daro ta san wannan: in ta tsaya farat ɗaya, ruwan ya yi gaba ya jiƙa mata fuska, in ta juya da sauri, ya karkata gefe ya nemi kayar da ita. Shi ya sa ake jefa ganye ko ƙaramar ƙwarya a saman ruwan don a karya masa ƙarfi.

To yanzu mai karatu ya auna wannan da tanka mai cin lita 54,000, irin waɗanda muke gani a hanyar Tamale. Litar dizal ɗaya ta ɗan haura gram 800, saboda haka cikakken lodi ya kai wajen tan 45. Fetur ya fi sauƙi, wajen tan 40. Ruwa ya fi su duka nauyi, kilo ɗaya kowace lita, abin da masu tankar ruwa a Tamale da Yendi ya kamata su riƙa tunawa. In direba ya taka birki, wannan nauyi yakan kwararo gaba ya daki bangon tanki, ya tura motar gaba bayan ta riga ta tsaya. Wannan turin na biyu na iya murƙushe mai babur a mahaɗar hanya. Maganinsa shi ne a fara rage gudu tun daga nesa, kuma in an tsaya kada a ɗaga ƙafa daga birki sai man ya lafa.

Masu ƙera tanki suna raba cikinsa ɗaki-ɗaki, suna kuma sa farantan ƙarfe masu huji a tsakani. Aikinsu ɗaya da ganyen nan na daro. Sai dai fa farantan suna rage tunkuɗar gaba da baya ne, ba su hana mai karkata dama da hagu. Kuma ɗakin da ke rabi ya fi cikakke hatsari, domin man ya samu filin gudu. Direban da ya sauke wani kaso a wani gidan mai a Yendi zai wuce da saura Bimbilla, kada ya ce mota ta yi sauƙi bari in ƙara wuta. Dole kuma ya san wane ɗaki zai fara saukewa, don kada nauyi ya taru a baya kan motar ya rasa riƙon ƙasa.

Ga kuma tsayi. Nauyin tanka a sama yake, nesa da ƙasa. Ƙaramar mota in ta shiga kwana da gudu yawanci sulɓewa take yi. Tanka mai lodi kuwa kafin ta sulɓe ta kife. Abin tsoron shi ne daga baya kifewar ke farawa: tayoyin tirelar na iya ɗagawa direba yana gaba bai ji komai ba, kafin ya ankara an gama. Lissafin da muke koya wa yara a aji yana aiki a nan. Ƙarfin da ke jan mota waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, gudu sau gudu ne. Daga kilomita 30 a awa zuwa 42, ƙarfin ya ninka biyu. Daga 30 zuwa 60, ya ninka huɗu. Don haka kafin a shiga kwana ake rage gudu, ba a tsakiyarta ba. In kuma taya ta faɗa gefen kwalta, kada a fizgo sitiyari don a dawo da ita. A saki totur, a riƙe mota a miƙe, sai ta yi sanyi a hau a hankali.

Ba a kuma cika tanki har baki. Fetur na kumbura da zafi, wajen lita ɗaya cikin kowace dubu a duk digiri ɗaya. Lodin da aka yi da sanyin safiya a Tema, in zafinsa ya ƙaru da digiri 10 a hanya, zai nemi wurin ƙarin lita wajen 500. Mu kuwa mun san watan Maris da Afrilu a Bawku, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Birki da gangara

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi. Birkin iska kuma yana ɗaukar wajen rabin daƙiƙa kafin ya kama. Mita 44 ke nan, kusan rabin filin ƙwallo, mota ba ta ma fara rage gudu ba. Bayan nan sai nisan tsayawar kansa, wanda shi ma yake ninka huɗu in gudu ya ninka biyu.

Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka, kuma babu abin da ya hana ta aiki a hanyar Walewale. A bar daƙiƙa ɗaya tsakaninka da na gaba ga kowace mita uku ta tsawon motarka, a ƙara ɗaya in gudu ya wuce 60. Tirela mai tsawon mita 18 tana bukatar daƙiƙa shida zuwa bakwai. In motar gaba ta wuce wata bishiya, sai ka fara ƙirga. In ka iso bishiyar kafin ka kai bakwai, ka matse ta da yawa. In ana ruwa ko hazon hunturu ya rufe hanya, a ƙara.

Wanda ya taɓa bin hanyar gabas daga Yendi ta Gushegu zuwa Bawku ya san gangarar Nakpanduri, inda hanya ke saukowa daga kan dutsen Gambaga zuwa wajen Garu tana murɗawa. Irin wannan wuri ke bambanta direba da mai riƙe sitiyari. Birkin babbar mota da gogayya yake aiki, gogayya kuma zafi take haifarwa. In aka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa, ƙarfen ya yi zafi ya buɗe, sai ka taka ka ji babu komai. Yawan dannawa da saki barkatai kuma yana zubar da iskar da ke cikin tukunya. Abin da ake yi shi ne a tsaya a sama a duba birki da ma'aunin iska, a sa ƙaramar giya kafin a fara sauka, a bar inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki kawai. Tsohuwar ƙa'idar direbobi ita ce giyar da za ta hau da kai, ita ko wadda ke ƙasa da ita za ta sauko da kai.

Sai muguwar ɗabi'ar nan ta sa mota a firi a gangara don a tsimi dizal. Wallahi babu ribar da ke cikinta. In mota ta ɗauki gudu a firi, inji ba ya riƙe ta, injin da ke cika tukunyar iska ya rage aiki, giya kuma ta ƙi komawa. Lita biyu ko uku da aka tsima ba su kai kuɗin likkafani ba.

Kowace hanya da halinta

Daga Tamale zuwa Salaga wajen kilomita 120 ne, zuwa Yendi kuma kusan 100. Hanyoyi ne da ke ratsa ƙauyuka, inda kasuwa ke ci a bakin titi, shanu da tumaki ke tsallakawa ba sallama, babura masu ƙafa uku ke tafiya da dare wasu ba fitilar baya. Ƙa'idojin 2012 sun ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, 30 kuma a kusa da makaranta, asibiti ko kasuwa. Ga mai tan 45 a baya, ko wannan 30 ɗin ba ƙaramin gudu ba ne. Da rani ga gobarar daji da manoma da mafarauta ke tayarwa har bakin hanya. Direban tanka ba ya kutsawa cikin hayaƙin da bai ga ƙarshensa ba. Ya tsaya nesa ya jira.

Hanyar Bolgatanga zuwa Bawku ta Zebilla, wajen kilomita 80, tana da nata. Ga amalanken jakuna, ga manyan motocin da ke nufar iyakar Burkina Faso da Togo. In damina ta yi nisa aka buɗe madatsar Bagre, kogin Farin Volta kan cika har ya taɓa hanya a wajen Kobore. Birkin da ya jiƙe ba ya kamawa yadda ya kamata, gefen hanyar da ruwa ya ci ta ƙasa kuma yana iya burmawa da nauyin tanka. Rikicin da ya daɗe yana damun yankin ya sa an sha sanya dokar hana fita, wani lokaci kuma motoci kan tafi a jere da rakiyar jami'an tsaro. A irin wannan tafiya kowa na tsoron a bar shi a baya, sai a matse juna, daƙiƙa bakwai ɗin nan ta koma biyu. Mai tanka ya fi kowa bukatar ya faɗa wa masu rakiya tun kafin a tashi cewa motarsa ba ta tsayawa kamar sauran.

Direbobin ma ba su yi shiru kan halin hanyoyi ba. A watan Yunin 2023 ƙungiyar direbobin tankar mai ta ƙasa ta yi yajin aiki saboda lalacewar hanyoyin da ke kaiwa defo-defo. Gyaran hanya hakkin gwamnati ne, kuma ya kamata a ci gaba da neman sa. Amma kafin a gyara, ramin da ke gabanka kai ne za ka san yadda za ka bi da shi.

Wutar da ido ba ya gani

Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne, kuma fetur yana fitar da shi ko a cikin sanyin da ya fi na firiza. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, ya gangara cikin kwata, ya taru a rami, ya tafi nesa har ya tarar da murhun mai shayi ko garwashin mai tsire, wutar kuma ta biyo shi baya har gindin tanka. Dizal ba ya saurin kamawa haka, sai ya yi zafi sama da digiri 50, amma in aka zuba shi a ɗakin da ya ɗauki fetur a baya, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tayar da bala'i.

Kowa ya san yadda rigar leda ke yin ƙas-ƙas in an tuɓe ta da hunturu, har a ga ɗan tartsatsi a duhu. Mai ma in yana gudu cikin tiyo yana tara irin wannan lantarki. Shi ya sa kafin a buɗe komai, wajen lodi ko sauke, ake fara maƙala wayar da ke sauke lantarkin zuwa ƙasa, kuma ita ake cirewa a ƙarshe. A kashe inji, a sa waigi, a ajiye tukunyar kashe wuta a kusa, direba kuma ya tsaya a wurin har a gama, ba ya bar yaro ya tafi cin abinci ba. Mutanen Madina a Accra ba su manta da daren 7 ga Oktoban 2017 ba, lokacin da iskar gas ta tsiyaya ana cikin sauke tanka a Atomic Junction. Mutum bakwai aƙalla suka rasu, sama da 100 suka ji rauni.

Tankin da babu mai a ciki shi ma abin tsoro ne, domin cike yake da tururi haɗe da iska. Kai shi wurin mai walda ba tare da ƙwararru sun wanke shi sun auna ba, kamar kunna ashana ne a cikin rumbun albarushi. Haka leƙa cikinsa da fitilar waya ko shiga ciki don wanki.

Jan allon nan mai hoton harshen wuta da ke jikin tanka, da lambobin da ke tare da shi, ba ado ba ne. Lamba 1203 fetur ce, 1202 dizal, 1223 kananzir, 1075 iskar gas. Lambobin ɗaya ne a duniya duka, kuma su 'yan kwana-kwana ke fara nema don su san da me za su yaƙi wutar. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa, tunda mai a saman ruwa yake zama. Kumfa ake sa mata ko hoda.

Zango

Daga Tema zuwa Bawku ta Kumasi da Tamale ya haura kilomita 800. Ƙa'idojin 2012 sun hana direban motar kasuwa tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba tare da hutun minti 30 ba, sun kuma hana shi wuce awa takwas ko kilomita 500 cikin awa 24. A bisa doka ke nan tafiyar ta kwana biyu ce. Duk mai motar da ke matsa wa direbansa ya yi ta a dare ɗaya yana da kaso a abin da zai biyo baya.

Gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun 80 mita 66 ne ba mai riƙe da mota. Goro da ataya suna jinkirta barci ne na ɗan lokaci, ba su biyan bashinsa. Tiramadol da sauran ƙwayoyin da suka addabi matasanmu kuwa suna sa mutum ya ji ƙarfi alhali hankalinsa ya yi nauyi. Tsakar dare zuwa asuba shi ne lokacin da jiki ya fi neman kwanciya. A irin wannan lokaci ne motocin fasinja biyu suka yi karo kusa da Kintampo ranar 22 ga Maris 2019, ɗaya daga Garu ta taso, wuta ta tashi, mutum sama da 50 suka rasu. Da azumi kuma, wanda ya yi sahur bai koma barci ba ya san yadda ido ke yi bayan azahar.

Kakanninmu sun fi mu gane wannan. Ita kanta kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita, asalinta wurin da ayari ke sauka ya huta ne bayan tafiyar yini. Madugu ba ya tashi daga Kano sai ya san inda zai yada zango kowace rana har Salaga. Direban tanka ma ya tsara nasa tun kafin ya bar defo. Tsayawa salla dama ce ta miƙe ƙafa, a zagaya mota, a taɓa tayoyi a ji zafinsu, a duba ko wani wuri na ɗiga. Amma a lura da inda ake ajiye ta: nesa da masu suya, nesa da cunkoson ƙofar masallaci da kasuwa, ko da hakan zai sa a ɗan taka da ƙafa.

In ta faɗi

Rabin wannan ilimi na direba ne, rabi na jama'ar gari. Direba in ya fita da rai, aikinsa ya kashe inji, ya yanke wutar batir, ya sa alamun gargaɗi nesa a gaba da baya, ya kira 112 ko 192 na 'yan kwana-kwana, ya faɗi inda yake da lambar abin da ya ɗauko. Sannan ya kori mutane zuwa ɓangaren da iska ke fitowa, kuma wajen tudu. Jagorar da ma'aikatan gaggawa ke bi a Amurka da Kanada ta ce a fara killace mita 50 ta kowane gefe, in malalar ta yi yawa a kwashe mutane har mita 300 ta inda iska ke nufa, in kuma tanka ta kama wuta a ja baya mita 800.

Mu kuwa me muke yi? Jarka da bokiti. A daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta faɗi a Majiya, jihar Jigawa a Najeriya. Mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da 150 suka rasu cikin kwanakin farko, adadin kuma ya ci gaba da hawa. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da mutum 80. Kafin su, a watan Mayun 2019, an yi a Yamai kusa da filin jirgin sama, sama da 55. Da yawa daga cikinsu Hausawa ne 'yan'uwanmu, talakawa masu neman na cefane, kuma babu wanda zai ce bai san talaucin da ya tura su ba. Amma mutum ɗari a tsaye cikin tururi, kowa da bokitin ƙarfe, wani da babur a kunne, wani da sigari a aljihu, tartsatsi ɗaya ya ishe su duka. Ga shi kuma dukiyar wani ce, faɗuwar mota ba ta halatta ta ba. Bayan abin da ya faru a Dikko, Najeriya ta hana tankoki masu cin lita 60,000 hawa hanya daga 1 ga Maris 2025. Doka ta rage girman tanki, amma hana mutane gudu zuwa wurin aikin gida ne da makaranta da masallaci.

Abin da ya rage namu

Uban da ɗansa ke son wannan sana'a ya fara da tsayawa kan yaron ya gama makaranta. Jarrabawar DVLA a kwamfuta ake yin ta, takardar lodi da allon gargaɗi da ƙa'idojin defo duk karatu suke so. Ya kuma bincika hannun da zai damƙa shi: maigidan nan yana sa firi a gangara? Yana sayar da man mutane a hanya? Yana barci kuwa? Kuɗin da za a ba dillali a tara shi a biya makarantar tuƙi mai rajista, a hau matakala daga B.

Iyayen gida direbobi, ku da kuka ga jiya kuka ga yau, in yaro ya tambayi dalili a faɗa masa dalili. "Haka na tarar ana yi" ba ta isa ba ga mai jan tan 45.

Mu malamai kuma muna da darasin gudu da nisa da nauyi a manhajar lissafi da kimiyya. Babu abin da ya hana mu kawo daron ruwa aji, mu sa yaro ya yi tafiya da shi ya tsaya farat ɗaya, sannan mu auna mita 50 a filin makaranta kowa ya ga iyakarta da idonsa. Limamai da sarakunan zango su ma su ware lokaci su faɗa wa jama'a a fili: in tanka ta faɗi, a kashe murhu, a kashe babur, a kwashe yara, a yi nesa, a kira 112. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowane direba gidansa lafiya.